Mun Je Katsina Neman Takarda, Muka Samo Zagi

Ana idar da sallar asuba muka bar Kaduna, ni da ɗan marigayi aminina, a tsohuwar motata da ba ta tashi sai an lallashe ta. Tunda soja suka koma bariki, kowane gurbin aiki sai an tambaye ka kai ɗan wace jiha ne. Saurayin ya ci jarrabawar aikin gwamnatin tarayya, amma aka ce ya kawo shaidar shi ɗan asalin Katsina ne kafin mako ya ƙare, in ba haka ba a bai wa wani gurbin.

Ubansa Bakatsine ne na Ƙofar Sauri. Ya je Rasha karatun injiniya, ya dawo da digiri da mata. Dangi suka yi murna da digirin. Daga nan zumunci ya yi sanyi, ya zauna Kaduna har ya rasu, ɗan kuwa rabonsa da Katsina tun yana goye. Fari ne tas, gashi kamar gemun masara, amma in ya buɗe baki Hausa ce zalla. Ya ce mini a ƙasar uwarsa baƙar fata ake rubuta shi, a nan kuma Bature.

Hanya lafiya lau har Funtuwa, kowace bishiya da hoton ɗan takara yana murmushi. Nan muka tsaya karin kumallo. Mai shayi ya goge wa saurayin benci, ya wanke kofi sau biyu, kuɗin burodi kuma ya tashi a kan idona. Sannan ya dube ni da furfurata ya ce, "Direba, me maigidan naka zai sha?" Na haɗiye, don ina da hawan jini. Bayan Malumfashi ramuka suka karɓe mu, ba su sake mu ba sai kusa da Kankiya.

Rana ta ɗaga muka shiga ta Ƙofar Kaura, muka zarce ofishin da ake ba da takardar. Ma'aikacin ya miƙe tsaye, ya bai wa saurayin kujerarsa, ya juyo masa fanka, ya tambaya ko rijiyoyin da Turawa ke haƙawa aka zo dubawa. Da saurayin ya yi bayani, sai mutumin ya kira abokan aikinsa su zo su ji Bature na Hausa. Da suka gama sha'awa ya ce, "Yallaɓai, mu nan gurbi biyu gare mu, ɗan gari da baƙo. Babu na ruwa biyu. Sai mai unguwa ya sa hannu."

Mai unguwar dattijo ne mai tsantseni. Mun gaisa har gwiwoyina suka yi tsami. Ya ce, "Na san uban da kuke faɗi, tare muka yi allo. Amma ni ban ga kamarshi ga fuskar wanga bawan Allah ba. In na sa hannu, gobe a ce na saida gari ga Turawa. Mu tahi gidan, uwar marigayin na nan da ranta. In ta amshe shi, na amsa."

A gidan aka shimfiɗa masa sabuwar darduma shi kaɗai. Aka aika sayo ruwan gora. Aka kawo tuwon dawa da miyar kuka a faranti, da cokali mai yatsu, haɗin da ban taɓa gani ba tunda uwata ta haife ni. 'Yan'uwansa na jini suka tsaya daga nesa, sai "sannu Bature" suke yi. Na dubi fuskarsa na ga ta faɗa. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na gane duk wannan girmamawar sallama ce ake yi masa cikin ladabi.

Sai tsohuwar ta fito tana dogara sanda. Ta tsaya a kansa ta daɗe tana kallo, ta kama kunnensa ta juya.

"Wanga ne mijin nawa?" in ji ta. "Kai, an cuce ni! Wa ya sauke shi daga wuta bai nuna ba? Ga kunnuwan kakanshi nan kamar faifai. Mi ka kawo mani, malalaci, shekara da shekaru ba cefane?" Ta fizge cokalin ta jefar. "Hannun naka karyewa ya yi?"

Na ɗauka zai daburce. Ashe ubansa ya koya masa wasan kaka da jika. Ya ce, "Ni ma na fasa auren, Hajiya. Ba a gaya mini amaryar ba ta da haƙori ba."

Ta maka masa mafici a ka, matan gida suka fashe da dariya, wani taubashinsa ya sure masa hula ya gudu. Tsohuwar kuwa ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa, ta ƙi sakin kunnen. Ni ma sai da na nemi hankicina.

Mai unguwa ya miƙe yana kaɗe riga. "Ku kawo in sa hannu. Bakatsiniya ba ta zagin baƙo. Irin wanga zagi sai jika."

A nan muka kwana. Da safe aka buga hatimi, muka kamo hanya da ƙullin fura da daddawa. Na yi shekaru ina koya wa ɗalibaina cewa girmama baƙo shi ne iyakar kirki. A tafiyar nan na koyi cewa ana iya girmama mutum har a kore shi, kuma abin da ofis ya rasa gurbinsa, tsohuwa ta sama masa wuri da baki ɗaya.

Da la'asar muka iso Kaduna. Uwarsa na bakin ƙofa, ta tambaya da Hausarta mai ɗan nauyi, "Sun karɓe ka da kyau?"

Ya ce, "Mama, zagina aka yi tas, har da duka."

Ta ɗaga hannu sama ta ce alhamdu lillahi. Sannan ta goge ido ta ce, "Ni har yau sannu kawai suke ce mini."