Soson da Hajiya Ta Ƙwace

A shekarar da na shiga aji biyu na ƙaramar sakandare yayana ya shigo gidanmu na Gyadi-Gyadi da wani ɗan babur mai dogayen ƙafafu da tayoyi masu haƙora, irin wanda ake shiga kwazazzabo da shi. Wani maƙwabcinmu ɗan kudu ne ya bar masa da zai koma garinsu. Ni ban cika magana ba, amma na haddace babur ɗin nan tsaf, har da sitikar damisar da ta ɓare a gefen tanki. Yaya ya yi mini alkawarin zai koya mini tuƙi a filin bayan layinmu.

Matsalar ita ce babur ɗin ya koyi tari. Da an buga kik sai ya yi baƙin hayaƙi, ya shaƙe, ya mutu a bakin ƙofa. Wata safiya ya turnuƙe farar rigar Baba da ke kan igiya. Baba ya dubi rigar, ya dubi Yaya, ya ce, "In na dawo daga ofis na tarar yana wannan tarin, 'yan gwangwan zan kira su auna shi."

Yaya ya cire kujerar babur ɗin, ya buɗe wani ɗan akwati a ƙarƙashinta, ya zaro soson da ke tace iska kafin ta shiga inji. Ya yi baƙi ƙirin, ya daskare da laka. Ya cusa tsumma a ramin don kada ƙasa ta faɗa, ya wanke soson da kananzir, ya sake wanke shi da ruwan omo har sai da launinsa ya fito, rawaya kamar ƙwaiduwa. Ya ɗora shi kan katangar rijiya ya bushe, ya fita neman baƙin mai.

Da ya dawo babu soso. Ya duba rijiya, ya zargi akuyar maƙwabta, ya zargi iska. Ni kuwa ina zaune a tabarma ina kallon wurin wanke-wanke, inda kakarmu Hajiya ke dirzar gindin tukunya da wani abu rawaya. Na ja hannun rigar Yaya na nuna masa da baki.

"Hajiya! Wannan ai huhun babur ɗina ne!"

"Huhun wa? Kai maigidan, tun da na aure ka ko tsinken ashana ba ka taɓa kawo mini ba. Yau Allah ya kawo soso mai ramin sa yatsu, ka ce na babur ne?"

Ta ɗaga shi tana yaba yadda yake riƙe kumfa. Toka da yashi sun riga sun yaga gefensa, ba zai ƙara komawa inji ba. Yaya ya roƙe ta ta ba shi ya kai kasuwar Tarauni a gwada a samo irinsa. Ta ce ba ta yarda da shi ba ko kaɗan.

"Ƙawata ce za ta riƙe. Ke, ki je da shi, ki dawo mini da abuna yadda yake."

Haka muka shiga adaidaita sahu ni da Yaya, jiƙaƙƙen soso a leda a kan cinyata, yana ɗiga mini a siket.

Mai shagon kayan babur wani Inyamuri ne mai Hausa kamar a nan aka haife shi. Na miƙa masa ledar ban ɗago kai ba. Ya fito da soson, ya juya shi, ya kai hanci, ya dubi Yaya.

"Abokina, babur ɗinka miyar kuka yake sha?"

Duk shagon aka kwashe da dariya, ni ma ta kuɓuce mini a cikin hijabi. Ya hau tsani ya yi ta sauko da sosuna, wannan ya yi faɗi, wancan ya yi tsawo, har ya samo wanda bakinsa ya yi daidai. Da ya tashi jefa tsohon a kwandon shara, sai na ji muryata ta fito da ƙarfin da ban san ina da shi ba: "Na kakata ne!" Ya mayar mini da shi da hannu biyu, ya ce a gaishe da Mama.

A gida Yaya ya zuba wa sabon soson mai kaɗan-kaɗan, ya ce in matse shi a tafin hannu, kada in murɗa don zai yage. Na yi ta matsawa har man ya ratsa ko'ina, launinsa ya koma na zuma. Yaya ya shafa giris a bakin soson, ya kusa saka shi sai na nuna masa tsumman da ya manta a rami. Ya zaro shi yana huci, ya zaunar da soson, ya rufe, ya mayar da kujera.

Muna wanke hannu muka ji sallamar Baba. Ya tsaya a zaure da jakarsa. Yaya ya yi bismilla ya buga kik. Babur ɗin ya kama, yana ƙara sumul, ba hayaƙi. Baba ya saurara kaɗan, ya ce, "To, a daina tayar da shi kusa da shanya," ya wuce ciki.

Ranar Asabar na fara koyon tuƙi, na faɗi a cikin ciyawa, na tashi na sake hawa. Hajiya kuwa ta yi wanke-wanke da sosonta har ƙarshen damina. Duk ranar da ta ga Yaya ya cire kujerar babur, sai ta leƙo daga ɗaki ta ce, "Maigidan, wancan sabon bai tsufa ba tukuna?"