Muryar Wana da Ta Dushe a Hannuna

A shekarun farko na jihar Zamfara ni dillalin kayan sauti ne a Ƙaura Namoda. Da tiren batir da kaset na fara a bakin tasha, har Allah ya buɗa na kama shago, ina sayar da rediyo da rikoda da lasifika, ina kuma cin kasuwar Shinkafi inda 'yan Nijar ke saye da yawa. Ban yi makarantar gyara ba, amma hannuna ya saba, kuma na yarda da kunnena fiye da kima. Abin da nake son ba masu karatu labarinsa bai kai girman tafin hannu ba. Kaset ne guda ɗaya, da muryar mutum ɗaya a ciki, babu kwafinsa ko'ina a duniya, mai muryar kuma yana kabari. Mai kaset ɗin tsohuwa ce guda, ita ce ta haife ni.

Muryar ta wana ce, ɗan farin mahaifiyarmu. Ya tafi aikin hajji bai dawo ba, ya zauna can yana aikin ƙarfi. Da yake bai iya rubutu ba, sai ya riƙa ɗaukar magana a kaset yana ba alhazai masu dawowa su kawo gida. Wasu kaset ɗin rikoda ta tauna, wasu yara suka ɗauki waƙa a kai, na ƙarshen kaɗai ya tsira. Bayansa sai labarin rasuwa ya zo, an binne shi can, babu ɗayanmu da ya ga gawarsa. A farkon kaset ɗin Inna yake gaidawa. Ya tambayi ƙafarta, ya tambayi ko har yanzu tana faɗa da awakin maƙwabta, ya yi dariyarsa mai haɗe da tari, sannan ya roƙe ta gafarar daɗewar da ya yi. Daga nan sai ya shiga zancen gona da taki da wanda za a ba aron garma.

Inna tana ƙauyenmu bayan Moriki, ta wajen Zurmi, kuma mace ce mai tsananin alkunya. Tunda aka haife ni ban taɓa jin ta faɗi sunan wana ba. Ko da yana raye ba ta kallonsa ido da ido, ba ta nuna ta damu da ya ci ko bai ci ba. Bayan rasuwarsa ma mutumin nan take ce masa. Idan za ta saurari kaset ɗin sai ta kunna 'yar rikodarta ta ajiye gefe, ta juya mata baya tana ɓarar gyaɗa, kamar wani ne ya kunna ya manta.

Da aka ƙaddamar da Shari'a kasuwarmu ta juya. Kaset ɗin kiɗa ya kwanta, na wa'azi da karatu ya tashi, masallatai suka shiga neman lasifika, ni kuwa na bi inda ciniki ya bi. A lokacin ne wani mai otal da ya rufe wurin shaye-shayensa zai bar gari ya sayar mini da babban setinsa da araha. Amfilifaya ce da rikoda mai baki biyu da manyan sifiku guda biyu masu kai mini ƙugu. Na ƙi sayar da shi, na kai gida na kafa a falo, don ban taɓa mallakar irinsa ba.

Wata ziyara da na kai ƙauye na tarar Inna ta kunna kaset ɗin, na ji muryar ta ɗan yi nauyi a 'yar rikodarta. Na ce ta ba ni in je in wanke muryar a sabon setina, in buga mata kwafi har uku. Ta ce ita ba ta ga abin gyara ba, surutun mutumin nan ne kawai, amma in ina da lokacin ɓatawa in ɗauka. Ta daɗe tana kwance ƙyallen da ta naɗe shi a ciki kafin ta miƙo. Da zan tafi ta tambaye ni ko zan dawo kafin kasuwar Shinkafi mai zuwa, wai kanwarta ta kusa ƙarewa. Na ga buhun kanwa cike a bayan ƙofa, amma a ranar ban fahimci abin da take tambaya ba.

Da na sa kaset ɗin a gida, sautin bai gamsar da ni ba. Akwai gunji a ƙasa, muryar kuma ba ta fita tas. Maiɗakina ta ce in fara buga kwafin a haka, in ya so in yi ta gyarana daga baya. Na ce mata ni da nake sayar da sauti ba zan kai wa uwata kwafi mai gunji ba. Ta yi dariya ta ce to malamin sauti, Allah ya ba da sa'a, ta koma wajen girkinta. Na fara da wayoyin sifika, na tarar an juya ɗaya, na daidaita. Na canja wayar da ke tsakanin rikoda da amfilifaya, gunjin ya ragu. Na ga wuta ba ta da ƙarfi, na ɗauko sitabilaiza daga shago. Na goge hanyar zare da auduga da sifirit, na sa sabon bel, robar nan da ke juya kaset. Sai na zo kan hed, ɗan ƙarfen nan da zaren kaset ke gogawa a jikinsa sauti ya fito. Yana da ɗan sukuru a gefe da ake juyawa a daidaita shi. Na ɗauki sukundirebata na yi ta juyawa, bakinta yana taɓa hed ɗin. Kowane gyara na yi, sai in mayar da kaset ɗin wana farko in saurara, in ji ko an samu canji.

Kwana ya yi ta wucewa ina wannan aiki duk la'asar in na taso daga shago. Abin da ya fara ba ni tsoro shi ne, sauran matsalolin suna warkewa, muryar kuma tana ja da baya. Da farko kamar yana magana a ɗaki na kusa. Daga baya kamar daga bayan katanga. Sai wata shuu ta taso ta fara rufe shi, dariyarsa ta koma kamar ta mutumin da ke cikin rijiya. Ina ƙara murya, shuu ɗin ce ke ƙaruwa. Maiɗakina ta daina shiga falo in na kunna. Ta ce ita jikinta bai ba ta ba, setin da ya yi shekaru yana kiɗa a wurin giya bai kamata a sa masa muryar wanda ke kwance a ƙasa mai tsarki ba, ko ban ji bawan Allahn nan tafiya yake yi ba. Maƙwabcina mai sayar da taya ya leƙo ya saurara, ya ce in kai setin a yi masa ruƙiyya tare da mai shi. Na yi dariya. Maimakon in tsaya, sai na ƙara naci. Na buɗe amfilifaya, na canja sifiku, na dawo kan hed da sukundireba, ina ta maimaita wurin gaisuwar nan.

Ranar da na gane, sabon kaset na wa'azi na zo da shi daga shago don in gwada, abin da ya kamata in yi tun ranar farko. Ya fito tas. Na bar shi yana ta juyawa ina sauran aiki, ina mayar da shi farko. Can sai na ji shi ma ya fara nauyi. Na ɗauko wani kwafinsa da ba a taɓa sawa ba na gwada su a wata rikoda, bambancin ya fito fili. Na tsaya ina kallon teburin, sai idona ya faɗa kan sukundirebar, ƙananan sukurori sun manne a bakinta. Al'adata ce tun da na kama shago in goga ta a maganaɗisun bayan sifika don ta riƙa kama sukuru kada ya faɗi. Wannan maganaɗisun na ɗura wa hed ɗin, shi kuma duk zaren da ya bi ta kansa sai ya ɗan shafe abin da ke jiki. Na san maganaɗisu yana cin kaset, ni da kaina nake hana masu saye ajiye shi a kan sifika. Babu aljani, babu alhakin otal. Duk sauraren da na yi, ni ne nake goge wana kaɗan kaɗan.

Na cire kaset ɗin na sa a wata rikoda ina addu'a. Gaisuwar da ya yi wa Inna ta tafi, sai shuu da wani gurnani da ba a gane kalma ɗaya a ciki. Zancen taki da garma, da yake ban cika kaiwa can ba, yana nan ana ji. Na kai wa masu gyara a Gusau, kowa ya saurara ya girgiza kai. Kasuwar Shinkafi ta ci ta sake ci ban je ƙauye ba. Inna ba ta aiko a tambayi kaset ba, ba za ta iya ba. Saƙon kanwa kawai take ta aikowa.

Da na gaji da ɓuya na shirya na tafi, da niyyar in faɗa mata gaskiya. Ta karɓi kaset ɗin, ta sa a rikodarta, ta juya baya ta jawo ƙwaryar gyaɗa. Shuu ta cika ɗakin. Na ga hannunta ya tsaya. Ta miƙa hannu ta ƙara murya, ta sake ƙarawa. Sai na ji ta, ƙasa ƙasa, tana amsawa. Daidai inda yake tambayar ƙafarta ta ce da sauƙi. Ta ɗan jira, ta ce awakin suna nan da halinsu. Ta sake jira, tsawon dariyar da babu ita, sannan ta ce ta yafe, duniya da lahira. Da aka iso zancen taki muryarsa ta fito, ta kashe. Ba ta juyo ba ta ce mini tsufa ya zo, kunnuwanta sun fara tafiya, in ba haka ba ai ta san na gyara shi da kyau. Har yau ban sani ba ko ta yarda da abin da ta faɗa ne, ko rufa mini asiri ta yi. Ta rayu shekaru bayan haka, ban faɗa mata ba, ita ma ba ta sake tayar da zancen ba.

Setin yana nan, na cire maganaɗisun, sautinsa ya fito yadda nake so, amma ban ƙara jin daɗinsa ba. Ko rediyo nake murɗawa na faɗa tsakanin tasha da tasha, da na ji shuu ɗin nan sai in kasa kunne, kamar zan ji tari a ƙarƙashinta. 'Ya'yana sun tambaye ni yadda muryar baffansu take, na kunna musu zancen garma, suka ce ai mutum ne mai tsare gida. Babu yadda zan nuna musu cewa mai dariya ne.

Ina kira ga duk mai gyaran wani abu, ko sana'arsa ce ko a gidansa, kada ya yi gwaji da abin da ba shi da na biyu. A fara kwafa ko da mai gunji ne, gyara ya biyo baya. Idan ana gyara abu yana ƙara lalacewa, a tsaya a duba hannun mai gyaran da kayan aikinsa kafin a zargi na'ura ko iska. Kuma idan dattijo ya miƙo maka abu yana cewa ba komai ba ne, ka dubi yadda ya naɗe shi. Na yi ciniki iri iri a rayuwata, na ci riba na yi asara, kuma kowace asara na mayar da ita. Wannan kaɗai ce ban mayar ba. Na samu seti mai sauti tas, Inna ta rasa gaisuwar ɗanta, ta kuma koma ga Allah tana ɗora laifin a kan kunnuwanta.