Mai Hoto Ya Sayar Da Motarsa

Abu biyu Mai Hoto na bakin kasuwa ya yarda da su a duniya: tsohuwar motarsa, da kyamararsa mai fim ta wani kamfani mai tsada. Shekara ashirin motar nan ba ta taɓa mutuwa a hanya ba.

Da fim ya yi wuyar samu, kamfanin ya fito da kyamarar dijital, sai ya sa motar a kasuwa don ya sayi sabuwar kyamarar. Bakanikensa ya ce, "Haba maigida, mai lafiya za ka sayar, ka sayi wadda ba ka san halinta ba?"

"Kai dai tsaya a kan inji. Mutanen nan ba sa yin kayan banza."

Ashe gwanintarsu a fim ta tsaya. Bayan wata huɗu, wani farin layi ya fara ratsa fuskar duk wanda ya ɗauka. Ya aika da kyamarar gyara, aka ce ya jira. Makarantun nesa da yake yi wa hoton ɗalibai suka nemi wani, tunda ba abin hawa.

Yanzu da wayar 'yarsa yake ɗaukar fasfo. Sai ya ja labulen shago tukuna, kada masu wucewa su gani.