Ranar da Bulama ya ce na zana taswirar Gwange

Shekarun baya, lokacin da kowa a Maiduguri yake kallon maƙwabcinsa da wutsiyar ido, ina karatun digiri na biyu a fannin ƙarafa. Bincikena a kan titaniyam ne, ƙarfen nan da likitoci ke ɗaure karyayyen ƙashi da shi. Idan ka goge shi ka sa a madubin ƙara girma, za ka ga ƙwayoyi ne manne da juna, kowace da iyakarta. In an gasa shi ya daɗe a wuta, wani nau'in ƙarfen yakan fito ya bi iyakokin, wani wuri ya shafe iyakar gaba ɗaya, wani wuri ɗigo-ɗigo. Mu muna cewa iyakar ta jiƙe, ko da yake babu ruwa. Inda ta jiƙe duka, nan tsagewa take son bi.

Da yake wutar lantarki ba ta zama a makaranta, gugar a gida nake yi. In rufe ɗakina a unguwar Gwange da samfefa, takardar gugar ƙarfe, da 'yan gutsattsarin ƙarfe da kwalbar asid, in yini ina ƙarr-ƙarr. Hotunan ƙwayoyin ƙarfen da na ɗauko da madubin makaranta kuwa na manna su a bango, ina bin iyakokin da biro: ja ga wadda ta jiƙe duka, shuɗi ga saura. Ni a ganina babban masani ake ƙerawa a ɗakin nan. Ban taɓa tunanin yadda abin yake a idon wani ba.

Wata safiya na ji sallama. Bulama ne, wato mai unguwarmu, da samarin sintiri riƙe da gora. Mahaifiyata, da muke kira Ya, tana tsaye bakin madafa.

"Wushe, ɗana," in ji Bulama, yana gaishe ni da Barbarci. "Ɗakinka muke son gani."

Da muka shiga, Bulama ya daɗe yana kallon bangon. Sannan ya ɗora yatsa a kan wani jan layi.

"Wannan ba hanyar da ta fita Kasuwar Kwastam ba ce? Lungunan da ka ja wa ja, me za a yi a cikinsu?"

Na ce, "Baba, wallahi cikin ƙarfe ne."

Wani daga samarin ya ɗaga kwalbar asid ya shinshina. "Ƙarfe yana da lungu?"

Na fara bayani, ina cewa iyaka ta jiƙe. Bulama ya shafa ƙarfen ya ce shi dai a bushe ya ji shi. A nan na san ilimina ba zai cece ni ba. A shekarun nan, wanda aka fita da shi daga gida a kan irin wannan zargi ba kullum yake dawowa ba.

Bulama ya ce saboda ya san mahaifina kafin ya rasu, ba zai miƙa ni gaba ba sai ya gani da idonsa. Muka hau keke napep har makaranta, ni a tsakiya kamar akuyar da za a kai kasuwa. Malamina ya sa aka tayar da janareto, ya ce Bulama ya zaɓi gutsuren da hannunsa. Tsohon ya cire hula, ya kanga ido a madubin. Ya ɗago, ya ciro ƙarfen ya juya shi, ya mayar, ya sake leƙawa.

"La ilaha illallah," ya ce. "Gari guda a cikin abin da bai kai ƙwayar gyaɗa ba."

An sake ni, amma ni ban saki kowa ba. Wa ya kai ni ƙara? Na zargi telan da tagarsa ke kallon tawa, na daina kai masa ɗinki. Na zargi abokina da ya taɓa tambayata me nake gogewa, har na ƙi zuwa ɗaurin aurensa. Kowa ya gaishe ni sai in auna gaisuwar.

Sai bayan na gama karatu, gari ya lafa, wata rana muna ɓarar gyaɗa da Ya na sake tayar da zancen telan. Ba ta ko ɗago kai ba.

"Ka bar bawan Allah. Ni na je wurin Bulama."

Na ce, "Ke, Ya?"

"Ka rufe ɗaki, ka daina hira, ka daina cin abinci da mutane. 'Ya'yan da suka tafi daji, ba haka suka fara ba? Kuma unguwa ta soma magana. Na ga gara wanda ya san ubanka ya zo, kafin waɗanda ba su san kowa ba su zo."

Na so in yi fushi, na rasa ta inda zan fara. Washegari na ɗauki yadi na kai wa telan, na kuma je na ba abokina haƙuri. Abokin nawa ya yi ta dariya, ya ce shi ya ɗauka boko ne ya hau mini kai.

Yanzu ni ma ina koyarwa, kuma abin da na fi gaya wa ɗalibaina ba ya cikin manhaja: duk abin da kake yi, ka zaunar da mutanen gidanku ka nuna musu. Ya ta rasu ban taɓa kai ta ta leƙa madubin nan ba. Wannan ne har yau yake ci mini rai.