Ƙwan da Ditiya Ya Hana a Ɗauka

"To, ƙwai ne, sai me?" in ji Jetri, tana ɗaure bakin gyalenta. "Shekara da shekaru kana fasa wa ƙwai kwakwa, Baban Sumli. Da kazar gida ka yi wa wannan hidima, da ta cika mana akurki."

"Ke dai ba ki ga hoton uwar ba," mijinta Ditiya ya ce. "Wuyanta kaɗai ya kai daga nan zuwa rijiya."

"Ashe ta fi ka miƙa wuya, ranar da ka hango tukunya a wuta."

Ya yi murmushi. Ditiya manomin masara ne a ƙasar Dhar, mutum mai sanyin magana, wanda bai taɓa kwana nesa da gonarsa ba. A bakin gonar, ƙarƙashin bishiyar mahuwa, akwai wani dutse mulmulalle, kamar ƙwarya a kife, an shafe shi da jan gari. Kakansa ne ya tsince shi a bakin garma, ya ce shi ne mai gadin gona da shanu. Tun daga nan ba a yin shuka sai an fasa masa kwakwa.

Bana wata malamar jami'a ta zo da mutanenta. Ta tuɓe takalmi kafin ta matso, ta daɗe a durƙushe, sannan ta ce ƙwan wata dabba ne, mai cin ganye, wadda ta ƙare tun babu mutum a duniya. Suka tona gefen, suka tarar da 'yan'uwansa jere a rami ɗaya. Ta roƙi a ba ta duka ta kai gidan tarihi, har da na saman, don ya fi kyau. Ditiya ya ce zai yi tunani. Ga hadari ya fara haɗuwa, ga iri a buhu, shi kuwa bai san yadda ake shuka a gonar da ba ta da mai gadi ba.

Da rana ta take ya jingina da bishiyar, idanunsa suka yi nauyi. Sai ya ga gonar ta zama fadama, uwar ƙwan kuma tana tahowa a hankali, ƙasa na lotsawa a ƙarƙashinta. Ta miƙo wuya ta saman mahuwa, ta tsinki ganye, tana dube-dube kamar mai neman abin da ta ajiye. Ƙaramin kai gare ta, da idon saniya. Tausayinta ya kama shi: ta yi ƙwai, ta rufe, ba ta ga ko ɗaya ya fashe ba.

Kukan kaza ya tashe shi. Jetri ce ke kwasar ƙwai a cikin kara, ta bar guda ɗaya kamar kullum, don kada kazar ta guji wurin.

Da malamar ta dawo da yamma, ya tarye ta.

"Malama, kwashi na ramin duka. Wannan dai a bar shi."

"Baba, ai shi ne mai kyan."

"Mu nan ba ma share sheƙa tas. In uwar ta zo ta ga wayam, ina za ta nufa?"

Malamar ta dubi dutsen. Ta ce a bar ta ta auna shi ta ɗauki hoto, ya ce ta auna.

"In ta dawo, kai za ka ciyar da ita," Jetri ta ce daga baya. "Ban da masarata."

Ditiya ya fasa wa dutsen kwakwa, ruwan ya gangara kan jan garin. Ya saɓa garma a kafaɗa, ya nufi inda shanun ke ɗaure.