Jinina Ba Na Ƙaho Ba Ne

Ciwon da na yi fama da shi ba a faɗin sunansa a gidanmu. In an tambayi matata sai ta ce lalura ce, ƙannena kuma su ce basir. Ba basir ba ne. Ƙurji ne ya fito mini kusa da dubura, ya fashe, ya bar wata 'yar hanya daga ciki zuwa waje, kullum tana tsiyayar mugunya. Na daina shiga sahun gaba a masallaci. Na daina sa farin wando. A makarantar firamaren da nake koyarwa kuwa a tsaye nake wuni, har aka fara yaba mini ƙwazo.

A Kazaure aka yi mini aiki. Likita ya bar wurin a buɗe, ya ce daga ciki zai ciko, in riƙa zama cikin ruwan ɗumi, in kuma riƙa dawowa ana ɗibar jinina. Ya ce akwai wani sinadari da hanta ke sakewa cikin jini idan jiki yana yaƙi da kumburi. Bayan aiki dole ya hau, daga baya ya sauka. In ya ƙi sauka, ko ya sake hawa, wataƙila mugunya ce ke taruwa a ciki, sai an sake sa wuƙa. Wannan wuƙa ta biyu nake tsoro fiye da komai.

Haka na riƙa zuwa daga Roni a bayan ɗan acaba, zaune a karkace kamar mai ɗaure da zani, abokan majalisa suna yi mini tsiya wai amarya za ta gidan miji.

Wani zuwa da na yi, awon jini ya nuna sinadarin bai sauka yadda ake so ba. Likita ya ba ni magani, ya ce in dawo. Na je na gaya wa Baffa, ƙanen mahaifina, wanda ya riƙe ni tun ina maraya. Tun da aka yi aikin a tsaye nake gaishe shi, don durƙuso ya gagare ni, shi kuma bai taɓa tankawa ba. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Wato dai jinin ne ya lalace."

Washegari da hantsi sai ga shi a soron gidana tare da wanzamin gidanmu, wanda ya yi mini kaciya, ya kuma yi wa 'ya'yana askin suna. Har ya kwance zabira ya jera ƙahonni. Baffa ya ce za a kafa mini a kugu da gefen wurin a tsotse mataccen jini, sannan a cusa garin magani bakin ciwon ya rufe.

Ni ba maƙiyin ƙaho ba ne, duk bazara sai an yi mini a baya. Amma ranar na ji raina ya ɓaci.

"Baffa, a yi haƙuri. Ba za a taɓa ni ba."

"Me ka ce?"

"Jinin ba shi ne ciwon ba, labari kawai yake kawowa. Bakin nan kuma da ake so a rufe, in ya rufe kafin cikin ya cika, an koma gidan jiya."

Baffa ya miƙe yana gyara babbar riga. "A tsaye kake gaishe ni, na yi shiru. Yau kuma a tsaye kake ƙaryata ni gaban mutane?"

Wanzami ya naɗe kayansa ya sulale. Baffa ya fita bai waiwayo ba, daga ranar ya daina amsa gaisuwata.

Aka turo Gwaggo, yayarsa, ta zo ta ce in bari a kafa ko da ƙaho ɗaya ne a ƙafa, don dai tsoho ya huce. Na ce ko a ɗan yatsa. In na ba da ƙafa yau, gobe garin magani zai biyo baya. Duk masu ba ni baki, babu wanda ya taɓa wanke wandonsa a ɓoye don kada 'ya'yansa su gani. Shirun Baffa ya yi mini ciwo ƙwarai, ina jin sa har cikin ƙashi, amma ban je ban haƙuri ba. Na ci gaba da zama cikin bahona, na ci gaba da hawa acaba a karkace.

Sai sinadarin ya fara sauka. Ya sauka, ya ƙara sauka. Likita bai tsaya ga jini kawai ba, ya duba wurin da idonsa, ya ce nama na cikowa daga ƙasa, ba za a sake yanka ba. A bakin asibitin na tsaya na yi kuka, ban damu da masu kallo ba.

Bayan an cire gyaɗa na je gidan Baffa. Yana ƙofar gida a kan tabarma, yana ɓarar ta iri. Na tuɓe takalmi, na durƙusa har ƙasa, karo na farko tun kafin aikin. Ban ce na tuba ba, don ban yi laifi ba. Cewa kawai na yi, "Baffa, barka da hantsi."

Ya daɗe yana kallon gwiwoyina a ƙasa, gyaɗa a hannunsa. Can ya ce, "Tashi, kai. Kar ka fama shi."