Ranar da Inna Ta Shiga Tabki

Ranar Asabar ta farko a watan Agusta, a shekarar da na cika goma, motar Baba ta tsaya a gaban wani ɗan gidan katako da ya kama mana haya a bakin tabki, can cikin duwatsun gabas da birnin Lyon na Faransa. Ni da ƙanwata Zainabu muka fito da gudu, Baba yana sauke kaya yana yabon iskar wurin. Inna kuwa ta tsaya a jikin mota, rungume da tukunyar da ta ƙi bari a gidanmu na Villeurbanne, tana kallon ruwan kamar yadda ake kallon karen da ba a san halinsa ba. Mutuniyar Damagaram ce, ta tashi inda ake sayen ruwa a garwa. Ta saba hango kogi daga kan gada, amma ba ta taɓa ganin ruwa mai yawa haka ya zo ya kwanta a ƙofar ɗaki ba. Da ta gama kallo sai ta dubi Zainabu ta ce, "Ki gaya wa yayarki, ruwa ba shi da reshe. Wanda ya faɗa, ba abin kamawa."

Ina tsaye kusa da ita ta faɗi haka, domin haka take yi mini magana tun da na yi wayo. Ni ce 'yar fari, kuma a al'adar gidansu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta rungumarsa a idon mutane. In tana nemana sai ta ce "ke", ko ta aika Zainabu. A ƙofar lekol, wato makarantarmu, nakan ga iyaye mata suna kiran 'ya'yansu da suna, suna sumbatar goshinsu, ni kuwa sai dai Inna ta karɓi jakata mu kama hanya. Da na taɓa yi wa Baba ƙorafi, dariya ya yi, ya ce kunya ce, shi ma kakata har ta rasu ba ta faɗi sunansa ba. Na ji, amma ban gamsu ba.

Kwanakin farko mun yi su ne a ƙarƙashin idon Inna. Da safe mukan wanke kwanoni a famfon bayan gida, mu share ganyen da iska ta tara a baranda, mu tsinko wasu baƙaƙen 'ya'yan itace masu ƙaya har bakinmu ya rine. Mukan zaɓi duwatsu masu santsi mu yi carafke a kan gadar katakon da ta miƙe cikin ruwa, agwagi suna kewaya mu suna jiran ɓawon burodi. Inna tana dama fura a baranda, amma ludayin yakan tsaya duk lokacin da ɗayanmu ta matsa bakin gada. Ba ta taɓa taka gadar ba. Akwai wani koren kwale-kwale ɗaure a jikinta, wanda Madam Odil, tsohuwar da ta ba mu hayar gidan, ta ce mu yi amfani da shi. Baba ya gwada tuƙa shi, ya yi ta zagaye wuri ɗaya muna dariya. Bayan doguwar muhawara Inna ta yarda mu riƙa zama a cikinsa in yana ɗaure, da sharaɗin a ɓoye sandunan tuƙin a ƙarƙashin gida. Baba ya ɓoye su, ya ɗaure igiyar da kansa, irin ɗaurin da ya saba yi wa dilar atamfa a shago.

Ranar da abin ya faru Baba ya koma Lyon tun da safe, kaya sun iso masa. Bayan azahar zafi ya sauko, na shiga kwale-kwalen na kwanta rigingine ina kallon gajimare, ina raba musu sunaye, wannan raƙumi, wancan tsohuwa mai tulu. Ruwa yana bugun katako a hankali kusa da kunnena, barci yana fizgata. Na ji muryar Inna tana cewa "ke, ke", amma ban ɗaga kai ba. A gidanmu "ke" ta kowa ce, ta Zainabu ce in ta yi ɓarna, har kyanwar maƙwabta tana samun rabonta. Da sunana na ji, da na tashi tun gadar tana kusa da hannuna. Sai da na lura muryar tana ƙanƙancewa, tana kuma sauya kama, sannan na miƙe zaune.

Gidan ya koma kamar akwatin ashana. Igiyar ta kwance tana jan ciki a bayan jirgin, iska ta taso daga duwatsu tana tura ni tsakiya, ruwan da na sani kore ya zama baƙi. Ban iya iyo ba, babu matuƙi, babu kowa kusa. Na tashi tsaye ina kuka, jirgin ya karkata har ruwa ya shigo ya jiƙa mini ƙafa. A nan na hango Inna. Ba a kan gada take ba, a cikin tabkin take, da zanenta da kallabinta, ruwa ya kai mata ƙugu, tana tahowa. Ta ƙara taku ya kai mata ƙirji. Na san inda take dosa, domin Madam Odil ta nuna mana wurin da ƙasa ke yankewa a faɗa rami. Tsoron da nake ji wa kaina ya koma kanta. Ta ɗaga hannu ɗaya tana yi mini alamar ƙasa, muryarta ta iso a tsinke: "Ke, zauna. Zauna, ina zuwa." Na zauna na ƙanƙame katako, ina roƙon Allah kada ta zo.

Zainabu ce ta ruga ta kira Madam Odil, ita ce kuma ta ba ni labarin abin da ban ji ba. Tsohuwar ta tayar da jirginta mai inji, ta bi ta kusa da Inna ta daka mata tsawa ta tsaya inda take, sannan ta tambaye ta sunan yarinyar don ta riƙa kirana ina samun natsuwa. Inna ta buɗe baki, ruwa yana taɓa haɓarta, ta rufe. Tsohuwar ta sake tambaya. Sai Inna ta waiwaya gaɓa ta ce, "Zainabu, faɗa mata." Haka na ji sunana yana tahowa a kan ruwa cikin harshen da bai iya shi ba, Nafisa, Nafisa, har jirginta ya iso.

Da aka sauke ni, Inna ba ta rungume ni ba. Ta tsaya ruwa yana zuba daga zanenta, ta ce wa Zainabu ta gaya wa yayarta ta sauya kaya. Madam Odil ta dube ta, ta dube ni, kuma da Baba ya dawo ta ja shi gefe ta tambaye shi ko matar nan ita ce ta haife ni. Kafin magariba Inna ta zaunar da ni tsakanin ƙafafunta ta tsefe kitson da bai kwana uku ba, ta sake shi daga farko. Ta ja gashin da ƙarfi har na yi hawaye, ban ce ta sassauta ba.

Yanzu ina karatu a Paris, a wani ɗaki da tagarsa ke kallon layin dogo. 'Yan'uwana da suka haihu a nan suna kiran 'ya'yansu na fari da suna, suna ɗaukarsu hoto, ba mai jin nauyin kowa, kuma ban ga laifinsu ba. Inna takan kira ni a waya ranar Juma'a, ta gaishe ni a gajarce, ta ce, "Ke, kina cin abinci kuwa?" Nakan rufe ido in saurari yadda take jan kalmar. Har yau ba ta faɗi sunana ba, ni ma na daina jira.